Kwalbar Da Aka Rubuta Wa "Ƙoda" Ba Lallai Maganin Ƙoda Ba Ce

 

Yau zancenmu a kan wata 'yar kwalba yake, wadda ba za ka same ta a kemis ɗin Gaya ko na Ajingi ba, ba kuma a ajiye ta a ɗakin magani na asibiti, amma ta soma shigowa gidajenmu ta wayar hannu. Duk wanda yake da majinyacin ƙoda, ya kuma taɓa rubuta kalmar ƙoda da Turanci a intanet yana neman mafita, yana iya cin karo da ita. Sunanta dogo ne, Recombinant Human Kidney-Associated Antigen 1, ana kuma taƙaita shi da KAAG1. Za ka ga hotonta tsaf, da farashinta da dalar Amurka, da bayani cike da kalmomin kimiyya. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, an rubuta "For research use only", wato an yi ta ne domin aikin bincike kawai.

Ra'ayina a kan wannan kwalba da ire-irenta a fili yake. Kada ka saya, kada ka tura wa ɗan'uwa da ke ƙasar waje ya sayo maka, kada kuma ka yarda wani ya ɗura wa majinyacinka ita ko da kyauta ne. Waccan jimla da aka rubuta da ƙananan haruffa ita ce mafi gaskiya a duk shafin, ita ce kuma ya kamata a rubuta da manya.

Abin da yake jan hankalin mutane

Ba na ganin laifin wanda kwalbar ta ɗauki hankalinsa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ka ɗauki magidanci a Balan wanda aka ce ƙodojin mahaifiyarsa sun gaza. Wankin ƙoda yadda ya dace sau uku ne a mako, kowanne kimanin awa huɗu. Zai ɗauko ta daga gida, ya bi ta Wudil ya shiga Kano, ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin wanki, ya sayi allurai, wani lokacin har da jini. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sauke kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko da a wannan rangwamen ne, wanki uku a mako naira 36,000 ke nan, a wata kuwa ya haura naira 140,000, ban da mota da abinci da magani. Manomin da ya dogara da gero da gyaɗa da 'yan awaki, ka san gona ce za ta soma tafiya.

A cikin wannan hali ne ɗansa ɗalibi zai nuno masa waya, ya ce ga wani abu da Turawa suka yi, an rubuta "ɗan Adam", an rubuta "ƙoda", an rubuta "furotin". Kalmomi uku ke nan masu sanyaya zuciya. Ga shi kuma likita ya taɓa cewa furotin yana zuba a fitsarin majinyaciya, sai zuciya ta raya cewa ai wannan shi ne zai mayar da gurbin wanda yake zuba. Mu da muke tsayawa a tagar ba da magani mukan ga irin waɗannan hotuna a waya, tare da tambayar nan mai nauyi: ko za a iya samo mana wannan? Amsar tana bukatar bayani, domin "a'a" kaɗai ba ta gamsar da mai jinya.

Mene ne ainihin abin da ke cikin kwalbar?

Bari mu warware sunan gaɓa-gaɓa. Furotin wani sinadari ne da jiki yake ginawa daga ƙananan tubala da ake kira amino asid. Jikin mutum yana da dubban nau'o'insa, kowanne da aikinsa: wani yana ɗaukar iska a jini, wani yana narkar da abinci, wani yana yaƙar cuta. Wanda yake zuba a fitsarin mai ciwon ƙoda galibi albumin ne, furotin na jini wanda hanta take yi, yana kuma zuba ne saboda rariyar ƙoda ta lalace. Babu abin da ya haɗa shi da KAAG1. Ko da kuwa shi ne, ƙara zuba gari a yagaggiyar rariya ba ya ɗinke ta.

Kalma ta biyu ita ce antijin. Ma'anarta alama ce da sojojin garkuwar jiki suke ganewa, su kai wa abin da yake ɗauke da ita hari. Antijin ba ya nufin abin da yake warkarwa. KAAG1 ƙaramin furotin ne mai tubala 84. An fara bayyana shi a 1999, a wani aiki na Benoît Van den Eynde da abokan aikinsa a Cibiyar Ludwig ta binciken ciwon daji da ke birnin Burasels na ƙasar Beljiyam. Sun lura cewa wasu ƙwayoyin garkuwar jikin wani majinyaci suna gane ƙwayoyin dajin ƙodarsa ta hanyar wannan alama. Daga nan sunan ya samo asali. An danganta shi da ƙoda ne domin a can aka fara ganinsa, kamar yadda ake ce wa mutum Bagaye domin garinsu. Daga baya an same shi a wasu nau'o'in ciwon daji da ba na ƙoda ba. Saboda haka masu sha'awarsa masu binciken ciwon daji ne. Ba shi da wani aiki da aka tabbatar wajen farfaɗo da ƙodar da hawan jini ko ciwon sukari ya lalata.

Kalma ta uku, wadda take farkon sunan, tana bayanin yadda aka samar da shi ne. Ba daga jikin mutum aka tatso shi ba. Masana sukan ɗauki umarnin gado da yake koya wa jiki yadda zai gina furotin ɗin, su dasa shi a cikin wata ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa, kamar bakteriyar hanji da ake kira E. coli, ko yis irin na burodi. Sai a yi kiwon ƙwayar a cikin tulun ƙarfe, ta yi ta ƙera furotin ɗin ɗan Adam, daga baya a fasa ta a tace. "Na ɗan Adam" da aka rubuta yana nufin zubin irin na ɗan Adam ne, ba wai an yi shi domin a ba ɗan Adam ba.

Yawansa ma abin lura ne. Ana sayar da irin wannan kaya da maikurogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Kwalba mai maikurogiram 50, ƙwayar gero guda ta ninka abin da ke cikinta nauyi sau ɗari ko fiye. Kuma akan ajiye shi ne a daskare, a sanyin digiri 20 ko 80 ƙasa da sifiri. Ka auna da kanka yadda zai iso Balan a watan Afrilu.

To, me masu bincike suke yi da shi?

Aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje ya yi kama da na dutsen awo a wurin mai sikeli. Idan masani yana son ya san yawan wani furotin a jini ko fitsari, dole ya sami wanda ya riga ya san nauyinsa domin ya kwatanta. Haka nan akan yi wa ɓera ko zomo allurarsa domin jikin dabbar ya samar da makaman garkuwa da suke kama shi, sannan a yi amfani da waɗannan makamai wajen gano ƙwayoyin daji a ƙarƙashin madubin likita. Akan kuma gwada sabon magani a kansa, a ga ko yana manne masa. Duk wannan a cikin kwalabe da faranti ake yi, ba a jikin majinyaci ba.

Akwai darasi a tarihin KAAG1 kansa. Wani kamfani na ƙasar Suwizalan mai suna ADC Therapeutics ya haɗa wani magani da aka tsara ya nemo wannan alama a jikin ƙwayoyin daji, ya kai musu guba. An soma gwada shi a kan masu ciwon daji a 2021, shekara ashirin da biyu bayan gano alamar, daga baya kuma kamfanin ya dakatar da aikin. Ka lura da abu biyu. Na farko, maganin da aka yi ƙoƙarin samarwa yana kai wa furotin ɗin hari ne, ba ƙara shi yake yi a jiki ba. Na biyu, masu kuɗi da ƙwararru da manyan asibitoci sun bi duk matakai, amma ba su kai ga maganin da za a sa a kasuwa ba. Wanda ya ce maka ɗanyen kayan aikinsu zai tayar da ƙodar mahaifiyarka, ka tambaye shi hujja.

Amma ai insulin ma haka ake yin sa

Mai karatu da ya yi nisa a boko zai iya kawo wannan ƙorafi, kuma yana da gaskiya a rabin farko. Insulin da masu ciwon sukari suke yi, tun 1982 aka amince da wanda bakteriya ta ƙera. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake yi wa jarirai a asibitocinmu na karkara ranar haihuwa, yis ne yake ƙera abin da ke cikinta. Mafi kusa da zancenmu ita ce allurar ƙarin jini ta EPO da ake yi wa masu wankin ƙoda. Ƙoda mai lafiya ce take fitar da wannan furotin domin ya umarci ɓargo ya yi jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda yake fama da ƙarancin jini. A 1989 aka amince da wanda aka ƙera a Amurka, ya kuma rage wa ɗimbin majinyata yawan ƙarin jini. Saboda haka fasahar ba abar tsoro ba ce, alheri ce babba.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Abin da ya mayar da EPO magani ba hanyar ƙera shi kaɗai ba ce. An san aikin da yake yi a jiki. An gwada shi a kan dabbobi, sannan a kan mutane mataki-mataki, har aka san adadin da yake amfani da wanda yake cutarwa. Ana yin sa a masana'antar da hukuma take dubawa, kowane zubi kuma sai an tabbatar ba ya ɗauke da ƙwayar cuta. Kwalbar bincike ba ta bi ta waɗannan ƙofofi ba, mai yin ta ma bai yi iƙirarin ta bi ba.

Ga abin da zai iya kasancewa a cikinta. Bakteriyar E. coli tana da wani dafi a ɓawonta, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa idan ya shiga jijiya yana jawo zazzaɓi mai karkarwa da faɗuwar bugun jini. A magani na allura, akwai iyakar da ba a yarda wannan dafi ya wuce ba. Takardar kayan bincike sau da yawa takan ce tsarkinsa kashi 85 ko 90 cikin ɗari ne, wanda ya wadatar ga faranti, amma ragowar tarkacen ƙwayar da ta ƙera shi ne. Akan kuma maƙala wa furotin ɗin wata jela ta musamman domin a ji daɗin kamo shi wajen tacewa, jelar da babu ita a jikin mutum. Ruwan da aka jiƙa shi a ciki ma an zaɓe shi ne domin furotin ya daɗe, ba domin jijiya ta karɓa ba. Idan kuwa sha aka yi, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da ƙosai, an yi asarar kuɗi ke nan. Idan allura aka yi, an buɗe wa majinyacin da ƙodarsa ta riga ta raunana ƙofar zazzaɓi da borin jini da shigar ƙwayar cuta.

Domin ka ga yadda furotin yake da tsautsayi, ga abin da ya faru da EPO ɗin kansa. Daga 1998 zuwa farkon shekarun 2000, kusan mutum 200, galibinsu a Turai da Kanada, jikinsu ya soma yaƙar allurar, ya kuma haɗa har da ɗan EPO ɗin da ƙodarsu take fitarwa. Ɓargonsu ya daina yin jajayen ƙwayoyin jini, suka koma dogaro da ƙarin jini. Bincike ya danganta matsalar da wani ɗan sauyi da aka yi a ruwan haɗin wani samfuri, da kuma robar da ke cikin sirinjin. Wannan fa magani ne mai rajista, daga masana'anta mai tsafta. Idan ƙaramin sauyi ya haifar da haka, ina ga abin da ba a taɓa nufin ya shiga jikin mutum ba?

Mun riga mun ɗanɗana a gida

Ba sai mun je Turai za mu san illar sa wa jiki sinadarin da ba domin jiki aka yi shi ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Nijeriya, har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. An sami sinadarin masana'antu mai suna diethylene glycol a cikinsa, wanda yake kama da ruwan haɗa magani a ido, amma yana tsayar da ƙoda. A 2022 irin wannan guba a magungunan tari ta hallaka yara kusan 70 a Gambiya.

Mu Kanawa kuma ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da mutane suka riƙa fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da abin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce mutum goma sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti, wasunsu da matsalar ƙoda. Hukumar NAFDAC ta ce abin da ta gano a wasu buhunan wani sinadari ne daban, ba ɗan tsami ba. Farin gari ne, ya yi kama, ya yi araha. A duk waɗannan musibu, ƙoda ce ta biya, domin ita ce matatar da duk abin da ya shiga jini yake bi ta cikinta.

Idan aka ce maka gwaji ne fa?

Wata dabara da masu neman kuɗin majinyata suke yi ita ce su ce sabon abu ne, ana kan gwajinsa, kai ne ka yi sa'a. Gwajin magani na gaskiya yana da alamomi. Ana yin sa a asibiti sananne, da izinin kwamitin ɗa'a na bincike da na NAFDAC. Za a yi maka bayani da harshen da kake ji, a faɗa maka haɗarin da ke ciki, a ba ka takarda ka sa hannu, a kuma tabbatar maka kana iya janyewa duk ranar da ka ga dama ba tare da an daina duba ka ba. Ba a sayar wa majinyaci maganin gwaji a ɗakin otal ko ta WhatsApp. Kano ta san muhimmancin waɗannan ƙa'idoji tun gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Asibitin Zana lokacin annobar sanƙarau ta 1996, lamarin da aka shafe shekaru ana shari'a a kansa kafin a sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Darasin da ya dace mu ɗauka shi ne mu riƙa tambayar izini da takarda, ba mu rufe ƙofa ga kowane mai bincike ba.

Domin kuwa muna bukatar binciken

Kada mai karatu ya ɗauka ina raina wannan kwalba. A hannun da ya dace, kaya ce mai daraja, kuma ina fatan a ga irinta da yawa a jami'o'inmu. An daɗe ana kokawa kan yawan ciwon ƙoda a Haɗeja da Gashuwa da Nguru, garuruwan da ke gabas da mu, kuma masu bincike, ciki har da na cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, suna ƙoƙarin gano musabbabinsa. Irin wannan aiki yana bukatar kayan awo. Misali, akwai wani furotin mai suna KIM-1, wanda aka bayyana a 1998 a Amurka, da yake yawaita a fitsari idan bututun ƙoda suka ji rauni. Mai auna shi a fitsarin manoman Gaya dole ya sayi kwalbar KIM-1 da aka ƙera domin ta zama masa ma'auni. Nan ne gurbin kayan bincike. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, shi ne kuma asibitin gwamnati na farko da ya yi haka a ƙasar nan, saboda haka ƙwararru ba su ne muka rasa ba. Abin da ya kamata mu nema daga gwamnati da masu hali shi ne su ba ɗakunan bincike kuɗi da wutar lantarki da firji. Idan kuma ma'aikatan bincike masu izini suka zo unguwa neman samfurin fitsari ko na ruwan rijiya, a saurare su, a yi musu tambayoyi, a taimaka.

Inda kuɗinka zai yi amfani

Kuɗin kwalba guda ta bincike zai isa a auna dukan manyan gidanku. Ciwon ƙoda yakan yi shekaru yana ci ba tare da alama ba, kuma ciwon ƙugu da mutane suke dangantawa da shi galibi na ƙashi ne ko na tsoka. Lokacin da ƙafa da fuska suka kumbura, fitsari ya riƙa kumfa, ga kasala da tashin zuciya, sau da yawa an yi nisa. Awo huɗu ne suke tona asirinsa da wuri: awon hawan jini, awon sukari, awon furotin a fitsari da 'yar takardar tsomawa, da awon kiriyatinin a jini. Daga na ƙarshen ne likita yake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 har fiye da wata uku, akwai ciwon ƙoda mai daɗewa; ƙasa da 15 kuwa shi ne mataki na biyar, inda ake zancen wanki ko dashe. Ka fara tambaya a asibitin da ya fi kusa da kai ko Babban Asibitin Gaya, abin da ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai sikila, da wanda ciwon ƙoda yake danginsu, ya kamata su yi wannan awo aƙalla sau ɗaya a shekara.

Akwai magungunan da aka tabbatar suna rage saurin lalacewar ƙoda. Lisinopril da Losartan suna sauke hawan jini, suna kuma rage zubar furotin a fitsari. Dapagliflozin da Empagliflozin, waɗanda aka fara yi domin ciwon sukari, manyan gwaje-gwaje sun nuna suna kare ƙoda. Dukansu likita ne yake rubutawa bayan awo, yana kuma bibiya, kuma na farkon biyu ba a ba mai juna biyu. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Sai abubuwan da za a guje wa, waɗanda a ganina sun fi kwalbar intanet yi mana ɓarna a kullum. Na farko shi ne haɗin maganin gajiya da ake ƙulla wa manomi da lebura a leda bayan an tashi daga aiki. Sau da yawa akwai Diclofenac ko Ibuprofen ko Piroxicam a ciki, wani lokacin biyu a haɗe. Waɗannan suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, illar kuma ta fi tsanani ga wanda ya wuni a rana jikinsa ya bushe. Na biyu, allurar Gentamicin da ake yi barkatai ba tare da awo ba. Na uku, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba ko adadinsu, da yawan kanwa. Na huɗu, man bilicin, wanda wasu nau'o'insa suke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata rariyar ƙoda. Mai feshin gona ya rufe jikinsa da hancinsa, kada kuma a zuba ruwan sha a jarkar maganin feshi. Yaron da yake fitsarin jini bayan wanka a kududdufi, tsargiya ce mai yiwuwa, ba alamar balaga ba, kuma Praziquantel yana maganinta. A rage gishiri da ɗanɗanon miya na dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram biyar na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Mai lafiya ya sha ruwa sosai a lokacin zafi, wanda ƙodarsa ta riga ta gaza kuwa ya bi adadin da likita ya ƙayyade masa, ya kuma nemi shawararsa kafin azumi.

Tambayoyi kafin ka biya

Duk abin da aka kawo maka da sunan maganin ƙoda, daga waya ne ko daga kasuwa, ka duba ko yana da lambar rajistar NAFDAC, ka kuma tabbatar da lambar a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Ka duba ko an rubuta cutar da yake magani da adadin da ake sha. Ka nemi ranar ƙarewar wa'adinsa da lambar zubinsa. Idan ka ga haruffan RUO, ko wata jimla da ta ce ba domin ɗan Adam ba ne, ko ba domin gano cuta ko warkarwa ba, zance ya ƙare. Idan Turancin ya yi maka yawa, ka kai wayar ko kwalin wurin likita ko masanin magunguna mai lasisi ya karanta maka. Ba a biyan kuɗin tambaya, kuma babu ma'aikacin kirki da zai yi maka dariya.

Ga mai jinya kuma, wanda ya riga ya sayar da abin da ya mallaka, ina roƙonka kada ka bar wankin da aka tsara domin wani alkawari daga waya. Ka zauna da likitan majinyacinka ku yi magana a fili kan abin da aljihunka zai iya, ka tambayi ofishin jin daɗin majinyata na asibitin ko akwai tallafi, ka kuma tara dangi a raba nauyin. Ƙin sayen abin da ba magani ba shi ma kula ne da majinyaci, domin garin neman gira akan rasa ido.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare masu lafiya.